Kwanon Maman Justice

Kwatas ɗin Gwamnati, Layi na Uku, Mubi
Litinin, 12 ga Agusta, 2024, ƙarfe biyu da minti arba'in na rana

Zuwa ga Goggo Hapsatu, a Belel.

Assalamu alaikum. Ina rubuto miki wannan a ɗakinki, taga a rufe, ƙofa a rufe, amma teburin yana rawa a ƙarƙashin hannuna, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da gwiwar nan da ke damun ki in damina ta yi nisa. Ni lafiyata ƙalau, murar ta sake ni. Baba ya kira daga Bauchi, ya ce in sake yi miki godiya, don ba kowace 'yar baffa ke miƙa wa ɗan ɗan'uwanta makullin ɗakinta ba. Tun da waya ba ta shiga wurinku sai an hau tudu, zan ba Gabdo direba wannan ya kawo miki.

Goggo, maganar maƙwabciyarki ce, Mama Hajaratu, wadda kowa ke kira Maman Justice. Kin gaya mini inda ake ɗiban ruwa da yadda ake lallaɓa makullin banɗaki, amma ba ki gaya mini tana da injin markaɗe a barandarta ba. Ɗanta Justice yana tayar da shi da zarar an fito sallar asuba. Hayaƙinsa yana shigowa ta saman bango. Ruwan wanke shi yana gangarowa ta gaban ƙofarmu ya kwanta, ƙudaje su bi. Mata suna jera bokitai har kan matakalarmu, kuma ranar Alhamis wata ta zauna a kan takalmana, ta ce ta ɗauka na zubarwa ne.

Duk wannan na jure. Amma yau ina da intabiyu ta waya da wata ƙungiya a Yola, masu neman wanda zai tattara musu ƙididdiga na wata shida, kafin a kira mu bautar ƙasa. Tun jiya na roƙi Justice ya kashe injin daga sha ɗaya zuwa sha ɗaya da rabi. Ya ce, "Ba damuwa, Malam Digiri." Ina tsakiyar amsa tambaya ta biyu injin ya tashi. Matar da ke yi mini tambayoyi ta ce, "A tasha kake ne?" Na maimaita amsar sau uku, sannan suka ce za su neme ni.

Na fita na same su a bakin injin. Justice bai ko ɗago ba, ya ce, "Waken mutane ya jiƙa, zai yi tsami. Wake bai san Yola ba." Matan suka yi dariya.

Don kada in zalunce shi, gaskiya ne ya jira minti goma kafin ya tayar, kuma mai waken, ƙosai take sayarwa, tana ta yi masa magiya. Amma takardar dokokin haya da ke manne a bayan ƙofarki ta ce ba a sana'ar inji a kwatas. Ban yi komai ba tukuna. Me kika ga ya dace?

Ɗanki, Mubashshir

*

Belel, Alhamis, 15 ga Agusta

Ɗana Mubashshir,

Wa alaikumus salam. Jam? Lafiya dai ko? Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake ka cika shi da lokuta kamar mai ba da magani. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Ka gaishe da babanka, ka ce masa godiya ta isa, ya aiko da zuma.

Injin nan ya riga ka zuwa kwatas. Shekaru na yi ina barci yana yi, har da na zo nan shiru ne ya hana ni runtsawa. Ita kuwa takardar bayan ƙofa, na manna ta ne don ta toshe wani rami.

Amma abin intabiyu ya ɓata mini rai. Justice a hannuna aka haife shi, bakinsa tun yana rarrafe haka yake. Kada ka bari ya raina ka a ƙofata, ka nuna masa kai ma ɗan gida ne. Sai dai da uwarsa za ka yi magana, ba da shi ba. Ka je ka durƙusa ka gaishe ta, sannan ka faɗi damuwarka.

Akwai yadda muke yin irin wannan a layinmu, zan ba ka labarinsa in na shigo ƙarshen wata. Yanzu an kawo mai naƙuda a kan babur, kuma ni kaɗai ce. Ka riƙa cin abinci.

Goggonka, Hapsatu

*

Mubi, Laraba, 21 ga Agusta

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata mai naƙudar ta sauka lafiya, ke ma kin samu kin huta. Ina lafiya, sai dai barcina ba ya yin nauyi.

Ranar Lahadi da yamma, bayan sun dawo daga coci, na je wurin Maman Justice kamar yadda kika ce. Na same ta tana tsince gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Tana saurare har na kai kan ruwan, sai Justice ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Mama, ki tambaye shi ko digirin nasa ya zo da bango mai kauri." Goggo, a nan na ɗaga murya. Na ce wannan gidan gwamnati ne, ba kasuwa ba. Ita kuwa ta ce, "Na ji, ɗana." Ta juya ta yi wa Justice magana da yarensu na Gude, ya koma ciki.

Bayan magariba ta ƙwanƙwasa ƙofa da kanta, riƙe da wani koren kwano mai murfi. Ta ce, "Ga shi. In ya yi maka, ka ci." Tuwon dawa ne da miyar yakuwa da gyaɗa, har da busasshen kifi. Ranar ban ɗora tukunya ba. Na cinye tas. Da safe na wanke kwanon na mayar mata, ta buɗe ta ga ba komai, ta yi murmushi ta ce, "To, ya wuce. Allah ya yi albarka." Baba Abdulrashid, dattijon layin nan, yana zaune a bencinsa, ya ce, "Madalla, ɗan Hapsatu."

A ranar injin bai tashi ba sai ƙarfe bakwai, kuma na ga Justice ya haƙa wa ruwan hanya ya bi ta bayan gida. Dole in rubuta wannan don haka aka yi. Amma ƙarar tana nan yadda take. Da azahar saƙo ya shigo daga Yola, sun ɗauki wani. Na karanta shi injin yana yi, matan suna shewa a waje. Na tuna kin ce kada in bari a raina ni. Na ɗauki takardar bayan ƙofa na tafi ofishin gidaje.

Wata Madam Winifred ce ta saurare ni. Ta tambaye ni, "Kun zauna da dattijon layinku?" Na ce, "Na yi musu magana, ba su daina ba." Babu ƙarya a cikin abin da na faɗa, amma tun a hanyar dawowa nake ganin ba amsar tambayarta ba ce. Ta ce za su turo a duba. Ina zaton jan kunne kawai za a yi, su mayar da injin bayan gida ko su rage lokaci.

Ki gaya mini ko na yi daidai.

Mubashshir

*

Mubi, Talata, 27 ga Agusta

Goggo,

Assalamu alaikum. Gabdo bai shigo ba, ban ga amsarki ba. Zan bar wannan a tasha wurin yaran motarsa. Ina fata lafiya ce. Ni ban san yadda zan ce nake ba.

Ranar Juma'a mutanen ofis suka zo su biyu. Suka ɗaure injin da sarƙa, suka manna takarda a ƙofar Maman Justice. Ashe an taɓa yi mata gargaɗi shekarun baya, kuma na biyu tashi ne. An ba ta zuwa ƙarshen Satumba ta bar ɗakin, sai in kwamitin gidaje ya ga dama ya sassauta a zamansa na ranar biyar ga wata. Wallahi ban san da gargaɗin farko ba. Ban nemi a tashe ta ba.

Tana tsaye tana goge hannu da zane har suka gama. Ba ta kalli ƙofarmu ba ko sau ɗaya.

Tun ranar ba wanda ya zage ni. A famfo, in na zo, sai su janye bokitansu su ba ni wuri, in ɗiba ba mai magana, sai na bar wurin hira ta ci gaba. Na gaishe da Baba Abdulrashid jiya, ya amsa, sannan ya ce, "Tuwon ya yi daɗi?" Na ce ya yi. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ban gane abin da tuwo ya haɗa da wannan ba, amma na gane akwai wani abu. Na sake karanta wasiƙarki, na ga bayan maganar raini akwai sauran layuka da na tsallake. Shirun nan naki fushi ne? In kina so in bar ɗakin, ki faɗa, zan koma Bauchi.

Mubashshir

*

Belel, Juma'a, 30 ga Agusta

Mubashshir,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Mayo ne, wato kogin nan namu, ya cika ya raba mu da hanya, motar Gabdo ta kwana biyu a tsallake, sai jiya ya kawo mini wasiƙunka biyu a haɗe. Na karanta ta farko ina cewa Allah ya sa abin ya tsaya a jan kunne, na buɗe ta biyu na zauna a kan gadon marasa lafiya.

Ba ka zuwa ko'ina. Tserewa Bauchi ba ta mayar wa Hajaratu ɗaki.

Ga abin da ya kamata in rubuta maka tun farko, na bari mai naƙuda ta ɗauke mini hankali. A layinmu akwai Gude, akwai Fulɓe, akwai Kamwe, kowa da harshensa, kuma ban haƙuri da bakin wani ba ya fitowa daidai. Shi ya sa tun da muka dawo daga gudun hijira Baba Abdulrashid da marigayi Ezekiya, mijin Hajaratu, suka ce a riƙa yi da kwano. Wanda ya yi laifi ya dafa abinci da hannunsa ya kai. In ba ka huce ba, ka mayar a rufe yadda aka kawo, ba wanda zai ga baƙinka, sai dattawa su zauna a kan maganar. In ka ci, ka yafe, magana ta mutu, ba a sake ɗaga ta ko a layi balle a ofis. Ni ma na taɓa kai wa Hajaratu, lokacin da akuyata ta cinye mata yakuwar bayan ɗaki. Ta mayar mini a rufe, sai da na sayar da akuyar ta ci na biyu.

Ka ga abin da layi ya gani. Dattijuwa ta tako da ƙafarta ta ba yaro haƙuri, ya lashe kwano, ya wanke, ya miƙa a gaban kowa, kafin la'asar yana ofis. Kuma injin nan shi ne tukunyarsu tun da Ezekiya ya rasu.

Ba fushi nake yi ba, ɗana, kunya nake ji, kuma rabinta tawa ce. Amma kada ka je musu da "ban sani ba." Ka ga murmushinta, ka ga an canja wa ruwa hanya. Ko ba a gaya maka ba, ka san an sassauta maka.

Ka je zaman kwamitin, ka faɗi abin da ba ka faɗa wa Winifred ba. Ka roƙi Baba Abdulrashid ya raka ka, zai ja rai amma zai je. Bayan nan ka ɗauki shuɗin kwanona a ƙarƙashin gado. Da hannunka za ka tuƙa, kada ka kuskura ka sayo na mai abinci, Hajaratu ta san hannun kowa a garin nan. Kuma da rana za ka kai, ido na gani.

Ba a ba ni hutu ba, ba zan samu zuwa ba. Ka rubuto.

Goggonka

*

Mubi, Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata mayo ya ja baya, gwiwa kuma ta lafa. Ina lafiya, sai ƙuna a yatsu biyu, za ki ji dalili.

Baba Abdulrashid ya bar ni a durƙushe har ya gama sauraron labarai a rediyo, sannan ya ce zai je, amma ba don ni ba.

An yi zaman ranar Alhamis. Maman Justice tana benci ɗaya da mu, ta bar wurin mutum biyu tsakanina da ita. Da aka kira ni na ce ni ne mai ƙara, kuma ban zauna da dattijo ba, kuma an ba ni haƙuri na karɓa, an gyara ruwa, an rage lokaci, duk kafin in zo ofis. Na ce saƙon Yola ne ya kawo ni, ba injin ba. Madam Winifred ta cire tabarau ta ce, "Da ka faɗi haka tun farko, da na mayar da kai gida." Na ce haka ne. Shugaban kwamitin ya ce ƙara tana janyuwa, amma abin da ma'aikatansu suka gani da ido ba ya janyuwa. Baba Abdulrashid ya yi magana mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Fulfulde, ya kawo sunan Ezekiya.

Ga hukuncin. Ɗaki ya tsira, za ta ci gaba da zama. Injin kuwa ya bar kwatas, kuma ba ya dawowa.

Ranar Juma'a Justice ya kawo a-kori-kura. Zai kai injin ƙauyen Duvu, gidan kawunsa, ya zauna can tare da shi, don ba shi da wurin da zai kafa shi a gari. Na fito na kama gefe ɗaya za mu ɗaga, ya ce, "Sake, Malam Digiri, kar ka ɓata riga." Da suka ɗaure ya hau baya, ya nuna mini barandar da ta zama fili, ya ce, "Ga shirun nan. Ka ci, ka wanke kwano." Ba wanda ya yi dariya. Uwarsa tana ciki, ba ta fito ba.

Ranar Asabar na tuƙa tuwon masara. Na farko ya kama, na zubar. Na biyu ya yi gudaji, amma ya tsaya. Na yi miyar kuka, gishiri ya ɗan wuce. Na zuba malmala ɗaya babba a shuɗin kwanonki, na fita bayan azahar, lokacin da mata suka cika famfo. Hira ta tsaya. Na durƙusa a bakin ƙofarta na ce, "Mama, ga shi. In ya yi miki, ki ci."

Ta ɗaga murfin kaɗan. Ta ce, "Kai ka tuƙa?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ana gani." Ta karɓa ta shige.

Jiya da safe, kafin ta tafi coci, na tarar da kwanon a kan matakalarmu, a rufe. Na buɗe. Goggo, rabi ne. An yanka tuwon da wuƙa daidai tsakiya, an cinye gefe ɗaya, ɗayan yana nan ba a taɓa ba. Kin gaya mini amsa biyu ce, a rufe ko a wanke, ba ki gaya mini ta uku ba. Na kai wa Baba Abdulrashid. Ya leƙa, ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma ba wuya. Ya ce, "Mutum biyu ka ɓata wa. Ɗaya ce ta ci."

Da Maman Justice ta dawo daga coci na gaishe ta, ta amsa, har ta ce in riƙa jiƙa garin da ruwan sanyi kafin in zuba. A famfo yau ba a janye mini bokiti ba, na bi layi kamar kowa. Amma mai ƙosai yanzu sai ta ɗauki wakenta a ka har kasuwa, kuma tana bi ta gaban tagata. Layin ya yi tsit. Na buɗe littafi tun safe, ina shafi ɗaya.

Ranar Asabar zan sake tuƙawa in kai Duvu. Ga abin da ban sani ba har yanzu, ko za ki iya taimaka mini da wani:

Ko akwai masu markaɗe a Duvu da za su riƙe inji, ko kowa dutsen niƙansa ya ishe shi.

Abin da Maman Justice za ta ci daga nan zuwa girbi. Na ga ta fara soya gyaɗa, ban ga mai saye ba.

Ko dokar kwano tana aiki a wajen layinmu, ko Justice zai ce can ba kwatas ba ne.

In ya mayar a rufe, wa zai zauna a kan maganar, tun da dattawanmu suna nan shi yana can.

Sannan ban san gidan kawun nasa ba. Na tambayi Maman Justice, ta ce in na sauka daga babur in tsaya in kasa kunne, ai na fi kowa sanin muryar injin.

Ɗanki, Mubashshir